Gani Ga Rumawa Ya Ishi Maraɗi Tsoron Allah

Iyayena da ƙannena na Sabon Gari, da ku 'yan uwa na Bagalam da Mokoyo da Limanci da Zariya, har zuwa Tsibirin Gobir da Jiratawa: Magana ce ta cikin gida nake so mu yi, irin wadda ake yi bayan an sallami baƙi an karo ƙyaure. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka duk inda kuka ji na ce "mu", to da ni a ciki, a sahun gaba ma kuwa.

Zan ɗauko zancen daga nesa, don waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya bar kufan al'ummomi a bayan ƙasa domin masu hankali su duba su yi tunani, kuma cikin waɗanda suka yi zamani ba kowa ya kai Rumawa ba. Sura ta 30 a Alƙur'ani mai girma da sunansu ake kiran ta. Ba su kuma yi mana nisan da muke zato ba. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) rundunarsu ta kai har Fezan, kuma ɗaya daga cikin sarakunansu, Sabtimiyus Seberus, wanda ya hau gado a 193 bayan haihuwar Annabi Isa, haifaffen Labda ne a ƙasar Libiya ta yau. Samarinmu da ke bin hanyar Agadas da Dirku su faɗa Sabha neman abin kai wa baka, yankin da dawakin Rumawa suka taka suke ratsawa.

Ba yabon su na zo yi ba. Tsoffin Rumawa gumaka suke bauta wa, gonakinsu da gumin bayi ake noma su, kuma sukan cika dandali don kallon mutum yana kashe ɗan uwansa. Amma tambayar da ta cancanci mai hankali ita ce: me ya ɗaga ƙauyen manoma a bakin kogin Tiba har ya zama birnin Rum mai mutum wajen miliyan ɗaya, kuma me ya kwantar da shi? Su kansu marubutansu, da suka waiwaya, ba ganuwa suka nuna ba, ba kuma takobi ba. Gida suka nuna.

Barume mai hali yakan tashi tun da asuba ya zauna a babban ɗakin shiga gidansa, barorinsa da masu neman alfarma su yi layi su gaishe shi. Ya ji kukan wannan, ya tsaya wa wancan a shari'a, ya sallami kowa da ɗan abin cefane, su kuma su raka shi dandalin gari. A wannan ɗaki ne manyan gidaje ke ajiye siffofin fuskokin kakanninsu da aka yi da kakin zuma. In babba ya rasu, sai ɗansa ya tsaya gaban jama'a ya lissafa ayyukan mamacin, sa'an nan ya bi na kakanni ɗaya bayan ɗaya. Wani Bagirke mai suna Polibiyus, da aka kai Rum a matsayin garkuwa wajajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga wannan da idonsa, ya kuma gane cewa da shi ake ɗora wa matasa kishin su kai inda iyayensu suka kai.

Akwai kuma dattijonsu Kato. Yana da bawa malami a gidansa wanda ke koyar da 'ya'yan wasu, amma bai yarda ya miƙa masa nasa ɗan ba. Shi da kansa ya koya masa karatu da shari'a da hawan doki da iyo. Ya zauna ya rubuta masa tarihin garinsu da hannunsa, da manyan baƙaƙe, don yaron ya san magabatansa tun bai fita ƙofar gida ba. An ce ko kalmar batsa ba ya bari ta fito daga bakinsa in yaron na kusa. Wannan mutum bai san Allah yadda muka san Shi ba, ba ya fatan ladan tarbiyya a lahira, amma ga yadda ya riƙe amanar ɗa. To mu da aka gaya wa za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo, ina hujjarmu?

Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffin Maraɗi ba zai ji wannan labari baƙo ba. Mu ma muna da zaure, muna da gaisuwar safe. Ba mu sassaƙa fuskar kowa ba, addini ya tsare mu, amma muna da kirari da maroƙa da kakanni mata masu riƙe da asalin kowane gida a ka. Muna kuma da tarihin da ya isa a tsaya gaban jama'a a faɗe shi. Birnin Katsina ya fita hannun sarakunan Haɓe a 1807, Alƙalawa ta Gobir ta bi baya a 1808. Mutanen da suka rasa gari da gona suka yi gudun hijira, suka zaga ta Damagaram, har wajajen 1819 Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi a bakin gulbi. A 1836 aka yi ranar Gawakuke, inda Sarki Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama a fagen fama. Kowa ya ɗauka an gama, amma daga wannan baƙin ciki ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, Gobirawa suka sake samun inuwa. Ɗan Baskore ya yi fiye da shekara ashirin bisa gadon Maraɗi, sunansa na kaɗa hantar maƙwabta. Zamani ne na yaƙi da hari da kamun bayi, kuma ba za mu wanke shi tas ba, domin a ɓangarorin biyu duka Musulmi ne suka yi kuka. Amma mutanen sun san su wane ne. Sun san sarki ba ya naɗa kansa: a Maraɗi sai Ƙaura da Galadima da Yandaka da Durɓi sun zauna, a Gobir sai Tara sun yarda. Mata suna da Iya a nan, suna da Inna a can, kuma maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa.

Yau fa? A tara yara goma a ƙofar kowace makaranta a tambaye su wane ne Ɗan Kasawa, ko me ya sa ake kiran sarkinmu Sarkin Katsina alhali ga Katsina can hayin iyaka. Yaro zai tashi a unguwar Yandaka bai san sarauta ce ba, ya ji sunan Ƙaura Hasau bai san barde ne ba, ya wuce jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kullum bai taɓa tambayar wane ne mai sunan ba. Laifin bai rataya a wuyansa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu ne muka bar tabarmar bayan isha'i, muka koma kowa da salularsa a hannu, uba na kallon nasa, uwa na kallon nata, kaka na zaune a gefe da taskar shekara tamanin a ƙirji babu mai tambayar ta. A 1945, da gulbi ya cinye tsohon gari, iyayenmu suka hau tudu da azara da turmi da Alƙur'ani a ka. Ruwa ya ci ɗakuna, bai ci tarihi ba, domin a zukata yake. Abin da ambaliya ta kasa yi, sakacinmu ne ke yin sa yau cikin kwanciyar hankali.

Wani zai ce, to mene ne amfanin sunayen matattu ga mai neman abincin yau? Amsar ita ce ba sunayen kaɗai ake gada ba, kunya ake gada tare da su. Yaron da ya san kakansa ya mutu ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, in ya ɗaga hannu zai taɓa abin wani, sai ya ji nauyin sunan gidansu ya riƙe shi. Wanda kuwa bai san daga ina ya fito ba, ba shi da wanda zai ji kunya.

Ku dubi kasuwa. Wannan gari da amana ya yi suna. A zamanin cinikin gyaɗa kamfanonin Turawa kan ba ɗan kasuwa kuɗi tun kaka ba ta yi ba, shi kuma ya raba wa yaransa su shiga ƙauyuka da sikeli da buhuna. Tsakanin alhaji da yaronsa babu takarda, babu sa hannu, magana ce kawai da tsoron Allah. Kaya kan tashi daga Kano su sauka Maraɗi a kan kalma ɗaya. Yaro ya yi wa ubangida bauta shekaru, ubangida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya ce Allah Ya yi albarka. A lokacin ba a auna alhaji da motarsa, da arzikin mutane ake auna shi: nawa ne ke ci a ƙofarsa, nawa ya tsayar da ƙafafunsu. Haka Sabon Gari ta cika, baƙo ya sauka da jaka ɗaya, bayan shekaru ya zama mai zaure. Yau tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban. Ana gauraya man gyaɗa, ana sa na kirki a bakin buhu a ɓoye ruɓaɓɓe a gindi. Yaro ya gudu da jarin ubangida, ubangida ya ci gumin yaro shekara goma ya kore shi hannu rabbana. Mai bashi ya ga lambar mai binsa ya kashe salula, sa'an nan ya shiga sahun farko a masallaci. A da wanda ya ci amana garin yake bari don kunya. Yau wanda aka cuta ne ake ce wa bai waye ba.

Rumawa ma ta nan ɓarakar ta shiga musu. A 146 kafin haihuwar Annabi Isa suka rushe Kartaj, babbar abokiyar gabarsu, wadda kufanta ke gefen birnin Tunis. Ganima ta kwararo, bayi suka yi arha. Masanin tarihinsu Salust ya danganta lalacewar ɗabi'unsu da wannan lokaci, sa'ad da tsoron maƙiyi ya kau, son kuɗi da son mulki suka maye gurbinsa. Masu hali suka haɗiye gonakin talakawa, manoma suka kwararo birni ba sana'a. Daga shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa aka fara raba alkama kyauta, har a zamanin sarki Agustus masu karɓa suka kai wajen mutum 200,000. Jikokin waɗanda suka riƙe garma suka koma zaman jiran rabo da kallon tseren keken doki. Alhali labarin da kakanninsu ke alfahari da shi na Sinsinatus ne, wanda aka ce an tarar da shi a gona aka damƙa masa mulki saboda yaƙi, ya yi nasara, ya ajiye sarautar cikin kwana 16 ya koma bakin aikinsa. A 193 bayan haihuwar Annabi Isa kuwa, a wannan birni dai, dogaran fada suka kashe sarki suka sa gadon sarauta a gwanjo, wanda ya fi tayi ya hau, bai kuma cika wata uku ba aka kashe shi. Kuɗinsu da a da kusan zallar azurfa ne, kafin shekara ta 270 ya koma tagulla da aka shafa wa azurfa a fuska.

In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sau nawa lokacin zaɓe ya zo muka sayar da muryarmu a kan turmin atamfa da sabulu da 'yan jikkuna, sa'an nan muka yi shekara biyar muna tsine wa shugabanni? Wanda ya saya zai nemi riba, wanda ya sayar ba shi da bakin ƙorafi. Kuma sau nawa muka ɗaga mai kuɗi a taro ba mu tambayi inda ya samo su ba, muka bar malamin makaranta da manomi tsaye a rana? A ƙasar nan, a da, manomin da Allah Ya ba dami dubu ba ya samun sarautar noma sai ya yi bukin dubu, ya rabar da dukiyarsa ga jama'a. Girma da bayarwa ake sayen sa. Yau da tarawa ake neman sa, da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, maƙwabci ya kwana da yunwa ƙamshin miyarka na shiga masa ɗaki.

Ku dubi titunanmu kuma. Tun 312 kafin haihuwar Annabi Isa Rumawa suka jawo ruwan sha zuwa birni daga nisan kilomita 16, daga baya hanyoyin ruwan suka kai 11. Babbar magudanar da suka haƙa har yau bakinta na nan a kogin Tiba. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa dokarsu ce da ta ɗora wa kowane mai gida gyaran hanyar da ke gaban ƙofarsa. Iyayenmu ba su jira doka ba. Kafin rana ta fito an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, in damina ta ƙarato samari su yi gayya su yashe hanyar ruwa, mai gida ya fito da fura. Yau muna zuba shara a magudana da dare, in ruwa ya shigo ɗaki mu ce ina magajin gari. Tun 2014 akwai dokar hana leda a Nijar, amma ga ta nan a kan itatuwa, ga ta a cikin hanjin jar akuyar da duniya ta san Maraɗi da ita. Mu da aka koya wa tsarki tun kafin mu iya karatu, mu ne muke tsallake kwata mu shiga masallaci ba abin da ya dame mu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'yanmu. Marubucin Rumawa Tasitus ya koka cewa a da uwa ce ke renon ɗanta a cinyarta, a zamaninsa kuwa sai a miƙa jariri ga kuyanga da bawan da ba shi da wani amfani a gida, yaro ya tashi ba abin da ke bakinsa sai zancen 'yan wasa da dawaki. Mu ba kuyanga muka miƙa wa ba, titi da salula muka miƙa wa. A da ɗa na kowa ne: maƙwabci ya tsawata, uba ya je ya yi godiya. Yau ka ce wa yaro kul, uwarsa ta fito da mayafi a ɗamare. A da yaro ya ga babba ya cire takalmi ya durƙusa. Yau ya wuce shi a kan kabu-kabu ya bar shi cikin ƙura. Fada, wadda ta kamata ta zama wurin shawara da taimakon juna, a wasu lunguna ta zama wurin kwana kan shayi da tiramol. Muna tura ɗan shekara shida wani gari da ƙoƙo a hannu, ba guzuri ba ziyara, mu ce mun ba da shi ga karatu. Muna ɗora wa 'yar shekara tara tire ta kai dare a tasha, in abin da ake gudu ya faru mu ce zamani ne. Muna tsawwala kayan ɗaki da lefe har saurayin kirki ya kasa, wanda ya iya kuma ya saki bayan wata shida, yarinya ta dawo gida da goyo. Wane ne zamani in ba mu ba?

Na san wahala gaskiya ce. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa. Yunwar 1984 har yau tsofaffi na tuna ta. A 1994 darajar sefa ta rabu biyu cikin dare ɗaya, 2005 ta zo da nata, ga rufe iyaka da kan tsayar da kasuwa cak, ga 'yan bindiga da suka hana ƙauyukan kudu barci. Gona ta ƙanƙance, baki ya yi yawa. Amma waɗanda suka kafa garin nan ba a cikin daula suka kafa shi ba, 'yan gudun hijira ne. Talauci na iya hana mutum riga, ba ya hana shi gaskiya. Matan Jiratawa da ke kai zogale kasuwa tun asuba, da maƙeran da ke bakin wuta, da malaman allo masu ciyar da almajiransu daga gonarsu, shaida ne cewa irin bai ƙare ba.

Masana sun lissafa dalilai da yawa na faɗuwar Rum: annoba, yaƙin basasa, nauyin haraji, da ƙabilun arewa da suka matso. A 410 aka wawashe birnin, a 476 aka tuɓe sarkinsu na ƙarshe a yamma, ɓangaren gabas kuwa ya kai har 1453. Abin lura shi ne tsawon lokacin. Tsakanin kukan Salust da faɗuwar akwai fiye da shekara 500, kuma kowane ƙarni na ganin ai gari lafiya, kasuwa na ci, ruwa na zuba a famfo. Lalacewa ba ta buga tambari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Agustus ya gwada gyara da doka, ya kafa dokokin aure da na hana zina a shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa, amma doka ba ta shiga inda uba da uwa suka bari. Har 'yarsa ta cikinsa sai da ya kore ta zuwa wani tsibiri a kan wannan doka.

Don haka kada mu jira Yamai, kada mu jira fadar sarki, kada mu jira masu agaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a tsakar gida ake yin hakan. Mai gida, ka dawo da wuri ko da dare biyu a mako, ka ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yanka, ka san abokansu da sunan iyayensu. Uwar gida, ki tambayi 'yarki inda ta samo abin da ba ki saya mata ba. Ku ɗauki yara ranar hutu ku gangara da su fadama ku nuna musu inda tsohon gari yake, ku kai su Tsibiri su ga fadar Gobir, ku kai su Madarunfa. Ɗan makarantar da ke gidan, a ba shi littafi da alƙalami ya zauna gaban kakarsa ya rubuta asalin gidan, da sana'arsu, da wanda ya sauke su ranar da suka zo garin nan, domin da tsohuwar zuma ake magani. In maƙwabci ya tsawata wa ɗanka, ka je ka gode masa a gaban yaron. Ka gyara tiyarka, ka biya bashinka ko da kaɗan-kaɗan, ka share ƙofarka kafin ka zagi hukuma. Limamai da masu unguwa su zauna su rage nauyin aure, su fara da 'ya'yansu. Wanda Allah Ya buɗa wa ya ɗauki yaro ɗaya daga fada ya koya masa sana'a, kamar yadda wani ya taɓa ɗaukar sa.

Ku kuma 'ya'yana samari da 'yan mata, ban ɗora muku kayan da ba ku ɗaura ba. Mun gaza muku a wurare da yawa. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma gobe ku ne za a kira iyaye, ku ne za a tambaya. Ku nemi abin da ba mu ba ku ba tun masu shi na raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe mana sakacinmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Maraɗi da Gobir da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.